Yadda Ƙasimu Ya Ramar da Kwamfutata

Ƙanena Ƙasimu bai taɓa cin karo da abin da bai iya ba. In ka ce masa jirgin sama ya lalace a filin jirgi, sai ya tambaye ka wane iri ne, don akwai wanda hannunsa ya fi sabawa da shi. Tun da ya yi wani ɗan kwas na kwamfuta a saman wani bene, ya dawo ya hana kowa kiransa da sunan da Baba ya yanka masa rago. Shi Injiniya ne. Yana yawo da filash, 'yan ƙananan ma'ajin bayanan kwamfuta, rataye a wuya kamar layu, kuma na tabbata rabinsu babu komai a ciki.

Ni kuwa Uwani, hayar kayan taro ce sana'ata: rumfuna, kujeru, lasifika, da wani babban allo da ake kafawa a gaban jama'a a nuna bidiyo. Ofishina yana ɗakunan baya na wani tsohon gidan Turawa a Nassarawa GRA. Allon nan shi ne abin tinƙahona, sai dai yana da hali guda. Ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai wata tsohuwa da aka sayo shi tare da ita. Da tsohuwar ta fara shure-shuren mutuwa, jim kaɗan bayan zaɓen da ya wuce, sai Sebastian, ɗan Wusasa da ya sayar min da allon, ya kwashe ta ɗungurungum ya zuba a cikin sabuwar da na saya. Kwamfuta ke nan a cikin kwamfuta. In ka duba daga waje, fayil kawai za ka gani. In ka buɗe shi, sai tsohuwar ta farka da duk kayanta, ta kama aiki, ba ta ma san an binne gangar jikinta ba.

Shekarar nan kasuwa ta yi min tsami. Masu biki sun koma manyan ɗakunan taro masu allon kansu, kujeruna suna jibge sai ƙadangaru ke zama. Ana cikin haka sai Alhaji Tanko, ɗan majalisar da na yi wa aikin kamfen a zaɓen da ya wuce, ya sauya sheƙa. Ya bar jam'iyya mai alamar tulu ya koma mai alamar tsani, kuma ranar Asabar manyan tsani za su zo gidansa su karɓe shi. Sakatariyarsa Joyce ta kawo min sabon bidiyon tarihin rayuwarsa da za a nuna, ta ce, "Hajiya, Oga ya ce in allon nan ya fitar da shi kunya, duk tarukan kamfen naki ne, daga Tudun Murtala har Kaura Goje."

Ranar ban iya cin abincin kirki ba don murna.

Ƙasimu ne ya zuba bidiyon a cikin tsohuwar kwamfutar, ya jera shi a gaba. Yana gamawa sai sabuwar ta fito da jan layi, wai ta cika, bidiyon ya riƙa tafiya yana tsayawa. Na kira Sebastian, wanda a lokacin ya koma Abuja, na sa wayar a fili kowa na ji.

"Ba wani abu ba ne, Hajiya," in ji shi. "Fayil ɗin nan in an zuba masa kaya yana girma, amma in an goge ba ya ramewa da kansa. Sai an matse shi. Ku bari in shigo ranar Asabar da safe."

Ƙasimu ya fizge wayar. "Malam Sebastian, Injiniya Ƙasim ke magana. Ba sai ka ƙona mai ba. Faɗa min yadda kake yi, in gwada da tawa hanyar in ga wadda ta fi."

"To. Da farko ka kwafe komai ka adana a wani faifai daban."

"Kwafi na matsorata ne. Ci gaba."

"Ka dai kwafe. Sannan ka cike wurin da babu komai da sifili, ka kashe ta, ka ba da umarnin matsewa. Amma akwai fayil biyu a wurin, ka kula da…"

"Duk an koya mana wannan a makon farko," in ji Ƙasimu, ya kashe wayar.

Na ce, "Ƙasimu, mutumin bai gama magana ba."

"Yaya, so yake ya nuna miki abin da wuya don ki riƙa nemansa. Ki ba ni yinin Juma'a. Zan ramar miki da ita har ki tausaya mata."

Ƙasimu ba ya aiki sai da 'yan kallo. Bayan an sauko daga masallaci ya fito da tebur baranda, ya aika aka kira Hajiya Sauda, maƙwabciyata mai sayar da zoɓo da ƙanƙara, ya kira Oliver mai kula min da janareta, har maigadin gidan ya jawo benci. Ya naɗe hannun riga, ya busa yatsunsa, ya yi musu lacca a kan sifili. Wai sifili ba shi da nauyi, don haka in aka cika ciki da shi, matsa ɗaya za a yi ya fice ya bar fili. Maigadi ya gyaɗa kai ya ce lalle boko ya yi.

Aka danna. Aka zuba ido. Jan layin nan, maimakon ya ja baya, sai ya fara tsawo.

"Ɗan nan," in ji Hajiya Sauda, "na ji kamar ka ce ramewa za ta yi."

"Sai ta ƙoshi tukuna, Hajiya."

"To ai ga ta nan tana ƙoshi. Allah ya sa ta san inda za ta tsaya."

Ba ta sani ba. Sifilin ya yi ta shiga, fayil ya yi ta kumbura, har kwamfutar ta fara fito da gargaɗi a kan gargaɗi. Ƙasimu ya daina lacca. Na ga yatsunsa suna gudu, yana zaɓar abubuwa yana gogewa don ya sama mata wurin numfashi.

"Me ka goge yanzu?"

"Tarkace."

"Na ga kamar an rubuta sunan ƙanwarmu Hauwa a jiki."

"Hotunan bikinta ne. Ai an riga an yi auren, Yaya, har ta haihu."

Na ɗaga hannu zan kai masa, sai na ga ya kai kan hotunan Umrata. Kafin in ce uffan sun tafi. Ya ce ibada ba ta buƙatar shaida, Allah ya riga ya gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na tuna Tudun Murtala da Kaura Goje, na haɗiye.

Kwamfutar ta ɗauki zafi, fankarta tana kuka. Ƙasimu ya ce matsalar yanayin ƙasar nan ce, a Turai ba a samun haka. Ya roƙi Hajiya Sauda ta kawo kular ƙanƙararta, ya shimfiɗa tawul ya ɗora kwamfutar a kai. Hajiya ta ce ita in kayanta sun kumbura igiyar roba take sa musu, ko a gwada. Ya ce mata ilimi ya wuce nan.

Sai aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar dama ya daɗe da mutuwa, nan take ta yi ɗif. Oliver ya ruga ya ta da janareta, aka sake kunnawa, aka sake zuba sifili tun daga farko. Ana tsakiyar aiki aka dawo da wuta, Oliver ya yi abin da ya saba yi kullum, ya kashe janareta don ya juya layi. Ta sake yin ɗif.

Ƙasimu ya miƙe tsaye, ya sami wanda zai ɗora wa laifi. "Oliver, ka san abin da ka kashe?"

"Janareta."

"Aikin ƙwaƙwalwa ka kashe. Saurara da kyau. Daga yau, in dai kwamfutar nan tana aiki, kada ka kuskura ka kashe injin nan, ko wa ya ce maka."

"Ko Hajiya Uwani ce?"

"Ko ita ce."

"Ko kai?"

"Ko ni ne na zo ina birgima a ƙasa."

"Na riƙe," in ji Oliver. Shi mutum ne da in ya ce ya riƙe, to ya riƙe.

Da kwamfutar ta farfaɗo karo na uku, Ƙasimu ya leƙa inda fayil ɗin yake, sai fuskarsa ta washe. Ya kira mu mu matso. Ga fayil biyu nan jere, sunansu kusan ɗaya, sai dai na biyun yana da wasu lambobi a wutsiya, kuma shi ne ya kumbura ya cinye wurin.

"Kun ga aikin Sebastian ɗin da kuke yabo? Abu ɗaya ya ajiye sau biyu. Wannan ce uwar, wannan kuwa kwafinta ne ya zauna yana cin abinci a banza."

Na ce, "Ba shi ne fayil biyun da ya ce ka kula ba?"

"Shi ne mana. Kunya yake ji kada in gano."

Ya danna, ya goge na biyun, ya bi shi har kwandon shara ya share. Jan layi ya ɓace, fili ya buɗe fayau. Maigadi ya yi tafi. Hajiya Sauda ta ce masha Allah, ta janye kularta kafin ƙanƙararta ta gama narkewa. Tsohuwar kwamfutar ta ɗan yi gardama, wai tana neman wani abu ba ta gani ba, sai Ƙasimu ya haɗa ta kai tsaye da fayil ɗin da ya rage. Ta tashi da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Ya rufe murfin, ya kakkaɓe hannu.

"Kunna bidiyon mu gani," na ce.

"Yaya, mai shakka ke gwaji. Ai da an jona ta da allo, da kanta za ta fara abin da ke gaba. Ni na jera shi da hannuna."

Abin da ba wanda ya sani a barandar nan, sai daga baya Sebastian ya yi min bayani yana dafe da kai, shi ne fayil na farko hoton tsohuwar kwamfutar ne kamar yadda take ranar da aka kwashe ta. Duk abin da aka zuba ko aka goge tun daga ranar, a na biyun yake. Ƙasimu ya mayar da ita makon da aka gama zaɓen da ya wuce, ya kuma kira Sebastian ya ce ya yi zamansa a Abuja, an gama komai.

Ranar Asabar bayan la'asar, farfajiyar gidan Alhaji Tanko ta cika maƙil. Rumfar maza a dama, ta mata a hagu, 'yan Hisba biyu a bakin ƙofa suna nuna wa kowa ɓangarensa. Kujeruna sun sha wanki, allona yana tsaye a gaba kamar ango. A sahun farko ga Alhaji Lawan, shugaban jam'iyyar tsani, da manyan muƙarrabansa, sun sha babbar riga. Ƙasimu ya sa kwat a cikin zafin nan, ya ƙara filash biyu a wuya. Oliver yana can bayan katanga da janaretansa.

Mai gabatarwa ya ce yanzu za a kalli tarihin gwarzon da ya dawo gida. Ƙasimu ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan madanni.

Allo ya haska. Ga Alhaji Tanko nan, gemunsa bai fara furfura ba, a kan dandamali, da hula mai hoton tulu. Muryarsa ta fito ta lasifikata tangaram.

"Jama'ar Kaura Goje, ku zama shaida. Tsani kayan aikin ɓarayi ne, da shi ake haura katangar mutane. Duk ranar da kuka gan ni a cikinsu, ku ɗaure ni ku kai ni a duba min kai."

Wata mata a bayana ta ajiye robar ruwanta a hankali. Ni kuwa na nemi Ƙasimu da ido, na gan shi ya nutse a bayan tebur sai saman kansa kawai ake gani. A allon, taron wancan lokacin ya kama kiɗa da rawa.

Amma ɗan siyasa ba a banza yake cin tuwonsa ba. Alhaji Tanko ya miƙe, ya karɓi makirufo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kun ga wannan bawan Allah? Ku dube shi da kyau. Mutum ne da ke cikin duhu, yana magana bai san me yake faɗa ba. Da gangan na sa a nuna muku shi, don ku ga ramin da Allah ya tsamo ni daga ciki. Ai kun ɗaure ni, kun kai ni, an duba kan, ga shi na warke."

Wuri ya kaure da shewa da tafi. Alhaji Lawan ya yi dariya har hularsa ta karkace. Mata suka rangaɗa guɗa, ni ma na sami kaina ina tafi, hawaye na zubo min don sauƙin da na ji. Alhaji Tanko ya juyo yana murmushi da haƙora, idonsa kuwa ba ya murmushi, ya ce, "Ina yaron da ya shirya mana wannan?"

Da Ƙasimu yana da hankali ko na cikin cokali, da ya ci gaba da zama a bayan tebur. Amma ya ji tafi. Sai ga shi ya fito yana gyara kwat, ya hau dandamali, ya karɓi makirufo daga hannun Alhaji ba a miƙa masa ba.

"Sunana Injiniya Ƙasim. Wannan dabara tawa ce tun daga tushe. Yallaɓai ma bai san da ita ba sai da ya gani. Na zauna na tace tsofaffin jawabansa ɗaya bayan ɗaya, na zaɓo waɗanda suka dace da manyan baƙinmu. Duk abin da kuka gani a allon nan, da wanda za ku gani, ni na zaɓa da hannuna."

Yana rufe baki, kiɗan da ke allon ya tsaya, Alhaji Tanko na wancan zaɓen ya dawo.

"Shi kuwa shugabansu, Lawan, ku tambaye shi ina takin manoma ya shiga. Ya sayar da shi, ya sayi baƙar motar nan da ko juya ta bai iya ba sai an tare masa hanya."

Kawunan jama'a gaba ɗaya suka juya bakin ƙofa, inda baƙar motar take a fake, ta hau kan furannin Alhaji Tanko da taya ɗaya.

Alhaji Lawan ya gyara hularsa. Ya dubi Alhaji Tanko, ya dubi Ƙasimu, ya ce a hankali, amma makirufon da ke hannun Ƙasimu ya ɗauka, "Wannan ma cikin duhun ne, ko Injiniya ne ya ga ya dace da ni?"

Ƙasimu ya yar da makirufo ya dira daga dandamali. Ya danna wani madanni, murya ta ƙaru. Ya danna wani, jawabin ya koma baya ya sake faɗin takin manoma tun daga farko. Ya rufe murfin kwamfutar, allo ko gezau bai yi ba. Maimakon ya zare waya ɗaya da ke gabansa, sai ya kwasa a guje ya zagaya bayan katanga, ni ma na bi shi ina riƙe da gyalena.

"Oliver, kashe injin nan."

"Kwamfuta tana aiki?"

"Tana aiki, shi ya sa na ce ka kashe."

"To ba zan kashe ba."

"Ni ne fa, Injiniya."

"Na gane ka. Ka ce ko kai ne."

Na ce, "Oliver, don girman Allah, ni ce mai janaretan."

"Hajiya, ki yi haƙuri, ke ma ya ambace ki."

Ƙasimu ya kai hannu zai kashe da kansa, Oliver ya rungume shi ta baya ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa suna wutsil-wutsil, filash suna kaɗawa. Ta saman katanga muna jin Alhaji Tanko na da yana lissafo sauran manyan tsani da sunayensu, kowa da abin da ya ci. Joyce ce a ƙarshe ta cire takalmi ta tsallake kujeru ta fizge wayar allon.

Kafin mu dawo, sahun farko ya zama wayam. Matasan tsani sun huce haushinsu a kan kujeruna, rumfar maza ta durƙusa da ƙafa ɗaya, direban Alhaji Lawan yana ta fama da baƙar mota ana tare masa hanya. Alhaji Tanko bai yi min faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, "Hajiya, a kwashe kayan nan kafin magariba." Joyce ta rako ni har mota, ta ce kada in wahalar da kaina da kiran waya.

Washegari da hantsi ina zaune a baranda ina ware kujerun da suka karye, sai ga mota ta tsaya. Hajiya Binta ce, shugabar matan jam'iyyar tulu, da wasu mata biyu. Tun daga bakin ƙofa suke dariya.

"Hajiya Uwani, ashe ke 'yar gida ce ba mu sani ba," in ji ta. "Garin nan ba a maganar komai sai allonki. Abin da mutane suka ɗauka a waya ƙeyoyi ne da hayaniya, ba a jin komai. Mun nemi wanda ya ɗauki jawabin tun asali, ya ce ya daɗe da ɗora wani biki a kai. Ke kaɗai ke da shi. Muna son allonki da bidiyon nan a kowace mazaɓa har ranar zaɓe. Rumfuna da kujeru ma naki za mu ɗauka."

Na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Na aika a kawo musu zoɓon Hajiya Sauda mai sanyi, na ƙwala wa Ƙasimu kira, a karo na farko a rayuwata na ce masa Injiniya.

Ya fito daga ofis rungume da kwamfutar, kansa a ƙasa, ba kwat ba filash. Ya durƙusa ya gaida baƙi, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, na san na ɓata miki. Amma na gyara. Tun da safe nake kai. Bidiyon nan da ya jawo mana abin kunya, na goge shi da duk 'yan'uwansa. Na bi wurin da sifili, na kashe ta, na matse, yadda Sebastian ya faɗa daki-daki. Yanzu ko shi ya zo ba zai iya dawo da shi ba."

Na ce, "Ka kwafe kafin ka fara?"

"Abin kunya ake kwafewa, Yaya?"

Hajiya Binta ta ajiye kofin zoɓonta ba ta sha ba. Ta miƙe, ta gyara gyale, ta ce Allah ya ba da kasuwa, sauran matan suka bi bayanta.

Ƙasimu ya buɗe kwamfutar ya juyo min da ita don in ga aikinsa, ya fara ɗan murmushi. Wannan karon kam ta rame da gaske. Ban taɓa ganin fili mai yawa haka a cikinta ba, kuma har aka gama zaɓen nan ba wanda ya kawo min abin da zan zuba a ciki.